Me ya sa Ista take yawo, alhali Idin Ƙetarewa yana da tsayayyiyar rana?

Wani malamin makarantar Lahadi ne ya aiko da tambaya. Ya ce Littafin Firistoci 23:5 ya tsai da Idin Ƙetarewa ran 14 ga watan fari, a kwanakin idin nan ne kuma aka gicciye Yesu, to me ya sa Ista, idin tashinsa daga matattu, ba ta zauna wuri ɗaya ba, wata shekara a Maris, wata a Afrilu? Ya ƙara da cewa akwai masu gaya wa matasan ikilisiyarsu wai kalandar da muke ratayewa a bango ta arnan Roma ce, ta ɓatar da Asabar da idodin Ubangiji, saboda haka dole Kirista ya koma kalandar Littafi Mai Tsarki.

Malam, sannu da ɗawainiya. Yawon da Ista take yi ba alamar an bar Littafi Mai Tsarki ba ne. Tana yawo ne domin har yau da wata ake lissafa ta, kamar yadda Isra'ilawa suke lissafa idodinsu. Ran 14 ga watan fari tsayayyiyar rana ce a lissafin wata, amma da zarar ka ɗora ta a kan kalandar da take bin rana, sai ta riƙa yin gaba tana baya. Da a ce coci ya yar da lissafin wata ɗungurungum, da Ista ta zauna daram kamar Kirsimeti. Kafin ka iya nuna wa yaranka wannan, sai ka san yadda kowace kalanda take aiki, da inda kowacce take da rauni.

A Isra'ila, faɗuwar rana ce take buɗe sabon kwana. Firistoci 23:32 ya ce a kiyaye Ranar Kafara daga maraice zuwa maraice, Nehemiya kuma ya sa a rufe ƙofofin Urushalima da duhu ya fara shiga kafin Asabar (Nehemiya 13:19). Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tun da daren Jumma'a a wurinmu shi ne wanda yake biyo bayan yinin Alhamis. Kalandar zamani kuwa ƙarfe 12 na dare take sauya kwanan wata. Nan ake fara tuntuɓe: ana yanka ɗan ragon Idin Ƙetarewa ran 14 da yamma, amma lokacin da za a zauna cin sa da dare, an riga an shiga 15.

Wata yana kamawa ne da ganin jinjirinsa. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar na gaba kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi ya sa wata yakan yi kwana 29 ko 30, ba ya kai 31. Tsakiyarsa, ran 14 zuwa 15, wata ya cika. Ke nan Idin Ƙetarewa da Idin Bukkoki kullum a farin wata ake yin su. Daga nan kaɗai za ka iya gyara wani kuskure da ake yawan yi a wa'azi, cewa duhun da ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3 ranar gicciye husufin rana ne. Husufin rana ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata, cikakken duhunsa kuma ba ya kai minti 8.

Shekara ce take da wuyar sha'ani. Wata 12 na lissafin wata kwana 354 ne, shekarar rana kuwa kwana 365 da kusan awa 6, giɓin ya kusa kwana 11. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga aikin wannan giɓi, domin maƙwabtanmu Musulmi lissafin wata zalla suke bi, shi ya sa azumin Ramadan yake ratsa hunturu da damina da bazara, ya dawo inda ya tashi bayan kimanin shekara 33. Isra'ila ba za ta iya barin idodinta su yi wannan zagaye ba, saboda an ɗaure su da gona. Maimaitawar Shari'a 16:1 ya ce a yi Idin Ƙetarewa a watan Abib, lokacin da sha'ir ya fid da kai ya soma nuna, Firistoci 23:10-11 kuma ya umarta a kawo damin nunan fari firist ya kaɗa shi a gaban Ubangiji. Idan idi ya zame baya kwana 11 bana, 22 baɗi, 33 a shekara ta uku, firist zai tsaya a Haikali babu damin da zai ɗaga. Maganin shi ne a ƙara wata na 13 duk bayan shekara biyu ko uku, sai idi ya koma mazauninsa.

Ka riƙe wannan da kyau, don a kansa yawancin gardamar take: babu aya ko ɗaya a Littafi Mai Tsarki da ta faɗi wa zai ƙara watan nan, ko yaushe, ko da wane ma'auni. Littattafan malaman Yahudawa, Mishna da Talmud, su ne suka ba da labarin yadda ake yi. Shaidu sukan zo gaban majalisa su ce sun ga wata, a yi musu tambayoyi a kan inda ya tsaya da yadda ya karkata, sannan a sanar. Da farko wuta ake kunnawa a kan Dutsen Zaitun, na dutsen gaba su hango su kunna tasu, har labari ya kai ga Yahudawan Babila. Daga baya aka koma aika manzanni. Batun ƙarin wata kuwa abu uku ake dubawa: nunar sha'ir, 'ya'yan itatuwa, da ranar da dare da yini suke daidaita. In biyu cikin ukun sun nuna lokaci bai yi ba, sai a maimaita watan ƙarshe, wato Adar. Hukuncin majalisa ne, kowace shekara da nata, ba a buga shi a takarda tun kafin shekara ta kama.

Watannin ma yawanci da lamba ake kiransu, na fari, na biyu, na bakwai. Tsofaffin sunaye huɗu ne kawai suka rage a rubuce: Abib, da Zib na biyu, da Etanim na bakwai, da Bul na takwas, ukun ƙarshe duk a labarin ginin Haikalin Sulemanu a 1 Sarakuna 6 da 8. Bayan dawowa daga bauta a Babila sai ga Nisan (watan fari), Siwan, Elul, Kisleb, Tebet, Shebat da Adar a littattafan Nehemiya, Ezra, Esta da Zakariya. Sunayen Babila ne. Wata na huɗu a kalandar Yahudawa har yau Tammuz ake ce masa, sunan gunkin da Ezekiyel 8:14 ya ga mata suna yi wa makoki. Saboda haka hujjar cewa Janairu da Maris sunayen gumakan Roma ne, don haka kalandar ta ƙazantu, ba ta da ƙafar tsayawa. Gaskiya ne sunayen daga can suka fito, amma Nehemiya ya rubuta kwanan wata da sunan Babila da shekarar sarkin Farisa, Luka kuma ya sa farkon wa'azin Yahaya Mai Baftisma a shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas (Luka 3:1). Bayin Allah sun yi amfani da lissafin daular da suke zaune a ciki ba tare da sun yi wa gumakanta sujada ba.

To ina kalandar Littafi Mai Tsarkin da za a koma? Wadda Yahudawa suke bi yau ba ta jiran ganin wata ko nunar sha'ir, lissafi ce tsantsa. Al'adarsu tana danganta ta ga Hillel na biyu, shugaban majalisarsu, a wajen shekara ta 359, amma ba ta kammala zama yadda take ba sai ƙarni na 10. Tana tafiya ne a zagayen shekara 19 mai wata 235, ana ƙara wata na 13 a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19. Tana da ƙa'idodin ɗage rana waɗanda Musa bai rubuta ba: sabuwar shekararsu, 1 ga Tishri, watan bakwai in an ƙirga daga Nisan, ba ta faɗuwa Lahadi, Laraba ko Jumma'a, ɗaya daga cikin dalilan shi ne kada Ranar Kafara ta manne da Asabar. Shi ya sa shekararsu takan yi kwana 353, 354 ko 355, mai ƙarin wata kuma 383, 384 ko 385. Tana kuma zamewa gaba da kwana ɗaya a kowace shekara 230 da 'yan kai. Ko a zamanin Yesu ba baki ɗaya aka yi ba. Farisiyawa sun ce "kashegarin Asabar" na Firistoci 23:11, ranar kaɗa dami, shi ne 16 ga Nisan ko wace rana ce, wasu daga ɓangaren Sadukiyawa suka ce sai Lahadi, wannan kuwa yana sauya ranar Fentikos, idin da ake ƙirga kwana 50 ɗinsa daga wannan rana. Jama'ar Kumran da ke bakin Tekun Gishiri suna da tasu mai kwana 364. Ƙungiyoyin da suke cewa sun koma ta asali a yau, wasu suna bin ganin wata a Urushalima, wasu a garinsu, wasu lissafi, wasu suna duba gonakin sha'ir, har akan sami shekarar da suke rabuwa da wata guda cur. Duk wanda ya miƙo maka takarda ya ce ga kalandar Allah, ka tambaye shi wa ya yanke masa ƙarin watan, da wace aya.

Tamu ta bango daga Yuliyus Kaisar ta taso, ta fara aiki 1 ga Janairu na shekara ta 45 kafin haihuwar Almasihu: kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya duk shekara huɗu. Ita ce kalandar daula lokacin da Yesu yake duniya. Aibinta ɗaya, ta fi shekarar rana tsawo da minti 11 da 'yan daƙiƙu, wanda yake taruwa ya zama kwana ɗaya a shekara 128. Zuwa ƙarni na 16 daidaituwar dare da yini ta zame daga 21 ga Maris zuwa wajen 11, Ista kuma ta soma nisa da lokacinta. Don Ista aka yi gyaran. Paparoma Giregori na 13 ya ba da umarni a 1582 aka tsallake kwana 10, aka kuma sa doka cewa shekarar da ta cika ɗari ba ta samun 29 ga Fabrairu sai in 400 ta raba ta ba saura. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Ingila da ƙasashen da take mulka ba su karɓa ba sai 1752, Rasha 1918, Girka 1923.

Abin da aka tsallake lambobin kwanan wata ne, ba a taɓa jerin ranakun mako ba. A Roma an kwanta Alhamis 4 ga Oktoba 1582, aka tashi Jumma'a 15 ga Oktoba. A Ingila an kwanta Laraba 2 ga Satumba 1752, aka tashi Alhamis 14. Shekara 170 Roma da Landan suna da kwanan wata daban, amma Lahadinsu ɗaya ce. Yahudawan da suka warwatsu daga Yaman zuwa Maroko zuwa Turai ma ba su taɓa saɓawa a kan wace rana ce Asabar ba. Masu cewa Asabar ta gaskiya tana bin wata, wai kullum 8, 15, 22 da 29 ga wata, Firistoci 23:15-16 ya ishe su amsa: Asabar bakwai da kwana ɗaya sun ba da kwana 50 cif. Bakwai sau bakwai a tara da ɗaya ba zai ba da 50 ba sai in makonni suna bin juna ba yankewa, alhali lissafin nasu yana cusa kwana ɗaya ko biyu a kowane ƙarshen wata. Taron Lahadi kuma ba sarkin Roma Kustantin ya ƙirƙiro shi ba. Dokarsa ta 321 hutu ta ba da a ranar. Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korantiyawa 16:2 sun riga sun ambaci ranar farko ta mako, Yustin Shahidi kuma ya bayyana sujadar Lahadi a Roma tun wajen shekara ta 150.

Yanzu Ista kanta. A ƙarni na 2 ikilisiyoyin Asiya Ƙarama, yammacin Turkiyya ta yau, suna yin idin ran 14 ga Nisan ko wace rana ta faɗa, suna cewa haka suka gada daga manzo Yahaya. Roma da wasu wurare suna jiran Lahadi, domin ranar ce Ubangiji ya tashi. Folikaf, bishop na Samirna a Asiya Ƙarama, ya je Roma wajen 155 suka tattauna da bishop Anisetus, kowa ya tsaya a kan nasa, suka rabu lafiya. Wajen 190 bishop Biktor na Roma ya nemi yanke zumunci da na Asiya, Ireniyus na Liyon ya rubuta masa ya ja hankalinsa. Majalisar Nikiya ta 325 ce ta yanke cewa kowa ya yi idin rana ɗaya, ba tare da jiran sanarwar Yahudawa ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne lissafin Yahudawan wasu birane a lokacin yakan kawo Idin Ƙetarewa kafin daidaituwar dare da yini. Wasiƙar da sarki Kustantin ya aika a kan batun tana ɗauke da zafafan kalmomi a kan Yahudawa, wannan kuwa ba abin da Kirista zai kare ba ne. Amma ƙa'idar da ta zauna daga baya, wadda ta bi lissafin Iskandariya, ba ta rabu da Fitowa 12 ba: Lahadin farko bayan cikar watan da ta faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta. Cikar watan nan ita ce 14 ga watan fari a lissafin coci, 21 ga Maris ta tsaya a madadin duba sha'ir, Lahadi kuma ranar tashi. Saboda haka Ista ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Rabon da ta faɗo 22 ga Maris tun 1818. 25 ga Afrilu kuwa an yi a 1943, za a sake a 2038.

Kana iya fitar da ita da biro da takarda, ga kowace shekara daga 1900 zuwa 2199. Raba shekarar da 19 ka riƙe saura. Ninka sauran sau 19, ka tara 24, ka raba da 30, ka sake riƙe saura. Ƙirga wannan adadi na kwanaki daga 21 ga Maris, inda ka tsaya nan ne cikar watan coci, Lahadin da ke biye ita ce Ista. Ɗauki 2026: in ka raba da 19 saura 12, 12 sau 19 ya ba da 228, da 24 ya zama 252, raba da 30 saura 12, kwana 12 bayan 21 ga Maris shi ne 2 ga Afrilu, Alhamis, Ista 5 ga Afrilu. Na 2027: saura 13, 247 da 24 ya zama 271, saura 1, 22 ga Maris, Litinin, Ista 28 ga Maris. Wuri uku ake kuskure. In cikar watan ta faɗo Lahadi, ba ranar ba ce, sai Lahadi ta gaba, kamar 2025 da ta faɗo 13 ga Afrilu aka yi Ista ran 20. In sauran ƙarshe ya fito 29, ka mai da shi 28. In ya fito 28 alhali sauran farko ya haura 10, ka mai da shi 27.

Watan wannan lissafi na takarda ne, yakan saɓa da na sama da kwana ɗaya ko biyu. A 2019 wata ya cika a sama da sanyin daren 21 ga Maris, sa'o'i kaɗan bayan daidaituwar dare da yini, wanda da sama ake bi da an yi Ista 24 ga Maris. Lissafin coci ya sa cikar watan ran 20, ta gaza da kwana ɗaya, aka jira wata na gaba, aka yi Ista 21 ga Afrilu. Akwai kuma shekarun da Ista take riga Idin Ƙetarewa na Yahudawa da kusan wata guda. A 2024 an yi Ista 31 ga Maris, Yahudawa kuwa sai maraicen 22 ga Afrilu suka fara nasu. A 2027 ma haka za a yi, Ista 28 ga Maris, nasu maraicen 21 ga Afrilu. Sau uku ne a kowace shekara 19, a shekara ta 8, 11 da 19 ta zagayensu, lokacin da ƙarin watansu ya zo alhali na coci bai zo ba. Masu ganin wannan su ce coci ya yi bikin tashi kafin mutuwa sun ɗauka lissafin Yahudawa na yau shi ne ma'auni, alhali shi ma lissafin mutane ne, kuma zamewarsa gaba ce ta jawo tazarar.

Yawancin ikilisiyoyin Otodoks, har da Kibɗawan Masar da Habashawa, ƙa'idar ɗaya suke bi amma a kan tsohon lissafin Yuliyus, wanda yanzu yake baya da kwana 13. Ranar 21 ga Maris tasu ita ce 3 ga Afrilu tamu, cikar watansu ma tana makara da kwana huɗu ko biyar. Shi ya sa a 2024 suka yi tasu 5 ga Mayu, a 2025 aka haɗu ran 20 ga Afrilu, a 2026 tasu 12 ga Afrilu. An yi taro a Halab ta Siriya a 1997 aka ba da shawarar kowa ya bi ainihin lissafin sama bisa agogon Urushalima, amma har yanzu ba a aiwatar ba.

Akwai wata tambaya da yaranka za su kawo ko ba jima ko ba daɗe: daga Jumma'a da yamma zuwa Lahadi da asuba ina kwana uku? Yahudawa suna ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka, ko da guntu ne. Yaron da aka haifa ran Talata a gidan Bahaushe, Talata mai zuwa ake sunansa, mu ce kwana bakwai. Bayahude yana kiran wannan rana ta takwas, ranar kaciya (Luka 2:21). Haka Yahaya 20:26 ya ce bayan kwana takwas, yana nufin Lahadi ta gaba. Esta ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, amma a rana ta uku ta shiga wurin sarki (Esta 4:16 da 5:1). Jumma'a kafin faɗuwar rana ɗaya, Asabar biyu, daga faɗuwar ranar Asabar an shiga ta uku. Markus 15:42 ya ce ranar shiri ce, wato jajiberin Asabar, almajiran hanyar Imuwasu kuma suka ce yau rana ta uku ke nan (Luka 24:21). In aka mai da gicciye Laraba don a cika awa 72, Lahadi ta zama rana ta biyar. Sa'o'in ma daga fitowar rana ake ƙirga su, sa'a ta uku wajen ƙarfe 9 na safe, ta shida tsakar rana, ta tara wajen ƙarfe 3.

Shekarar kuwa, Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga 26 zuwa 36, masana taurari kuma sun sami shekara biyu a ciki da 14 ga Nisan ta fi dacewa da Jumma'a: 7 ga Afrilu na 30, da 3 ga Afrilu na 33. Lambar shekarunmu wani ɗan zuhudu mai suna Diyonisiyus ne ya tsara ta a Roma a 525, yana cikin aikin jadawalin Ista. Ya ɗan kauce, domin yawancin masana tarihi suna sa mutuwar sarki Hirudus a shekara ta 4 kafin lissafin ya fara, Yesu kuwa an haife shi Hirudus yana da rai. Babu kuma shekarar sifiri, daga 1 kafin haihuwa sai 1 bayan haihuwa, don haka duk mai lissafin annabci da ya ratsa wurin sai ya rage ɗaya. Ranar haihuwar ba a rubuta ta a ko'ina cikin Linjila ba. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga Roma take, ta shekara ta 336. Masu yi 7 ga Janairu irin su Rasha, 25 ga Disamba ce a tsohon lissafi.

Shin wajibi ne Kirista ya kiyaye idodin da tsayuwar wata? Kolosiyawa 2:16-17 ya ambace su da suna, idi da tsayuwar wata da Asabar, ya ce kada kowa ya hukunta ku a kansu, inuwa ce ta abin da ke zuwa, ainihin kuwa Almasihu ne. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 bai ɗora wa al'ummai su ba. Bulus ya ji tsoro domin Galatiyawa da suka mai da kiyaye ranaku da watanni sharaɗi (Galatiyawa 4:10-11), duk da haka shi kansa yana sauri ya isa Urushalima kafin Fentikos (Ayyukan Manzanni 20:16), a Romawa 14:5-6 kuma ya bar wa kowa lamirinsa. Wanda ya ga dama ya tuna da Idin Bukkoki don ya ƙaru bai yi laifi ba. Laifin yana wurin mai ce wa yaro cetonsa bai cika ba sai ya bi wata takardar kwanan wata. Wannan mizani ya hau kan Ista da Kirsimeti su ma, al'adar coci ce mai kyau, ba doka ba ce daga Sina'i. Inda na fi jin tsoro shi ne masu amfani da kalandar Ibraniyawa su tsai da ranar dawowar Ubangiji. Mabiyan Wiliyam Mila a Amurka sun lissafa Ranar Kafara suka tsai da 22 ga Oktoba 1844, ranar ta zo ta wuce, mutane da yawa suka karaya. Matiyu 24:36 da Ayyukan Manzanni 1:7 sun riga sun rufe wannan ƙofa.

Amfanin sanin kalandar a wurin karatu yake, kuma yana da yawa. Watan fari yana faɗuwa tsakanin Maris da Afrilu, na uku Mayu da Yuni, na bakwai Satumba da Oktoba, na tara Nuwamba da Disamba; kada ka ba yara kwanan wata ɗaya tak, domin kowace shekara yana motsawa. Ka kuma tuna musu cewa yanayin can kishiyar namu ne. Ruwa yana sauka daga Oktoba zuwa Afrilu, ruwan fari da ruwan ƙarshe na Yowel 2:23 su ne bakin damina da wutsiyarta. Lokacin da muke fama da zafin bazara muna jiran ruwan shuka, su suna girbin sha'ir, shi ne lokacin da Rut da Na'omi suka iso Baitalami; alkama tana biyowa wajen Fentikos. Jama'ar da Ezra 10:9 ya ce suna rawar ɗari saboda ruwa ran 20 ga watan tara, a tsakiyar sanyin Disamba suke zaune a fili.

In kai ne mai tsara jadawalin shekara na ikilisiyarku, fitar da Ista tukuna, sauran duk daga gare ta ake ƙirgawa. Larabar Toka kwana 46 kafin ta, Lahadin ganyen dabino mako ɗaya kafin ta, hawan Yesu sama kwana 39 bayanta, kullum Alhamis, Fentikos kwana 49 bayanta. A 2027 ke nan Larabar Toka 10 ga Fabrairu, Lahadin ganyen dabino 21 ga Maris, Ista 28 ga Maris, hawa sama 6 ga Mayu, Fentikos 16 ga Mayu.